Mata Masu Dubara: asusun da ya tashi daga Maraɗi

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Nijar, rana ɗaya a kowane mako, za ka tarar da mata zaune bisa tabarmi a gindin itace ko a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu. A tsakiyarsu akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wadda aka kira ta taso ta aje kuɗinta a faranti kowa yana gani. Wannan zama shi ake kira asusu, tsarin kuma sunansa Mata Masu Dubara. Ga bayanin asalinsa, da yadda yake tafiya, da abin da yake iyawa, da kuma abin da ya fi ƙarfinsa.

Daga ina ya fito?

Ƙungiyar CARE, wadda ba ta gwamnati ba ce kuma ba ta neman riba, ta shigo Nijar a shekarar 1974, lokacin babban fari. Cikin ayyukanta na farko har da dashen itatuwa masu tare iska a kwarin Magiya, cikin jihar Tawa. A shekarar 1991 ta soma aikin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ta hannun wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Nowe mai suna Moira Eknes.

A wancan zamani macen ƙauye ba ta da inda za ta aje kuɗi ko ta samu rance. Banki yana birni, yana son takardu da jingina. Ko a birnin ma amana ta yi rauni, domin babban bankin gwamnati na raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe a wannan tsakani. Abin da mata suka sani shi ne adashe, da biki, da aje dukiya a jikin akuya ko kwanonin ɗaki. In matsuwa ta zo, sai a je wurin ɗan kasuwa a ci bashin hatsi a biya da kaka, sau da yawa da ƙari mai nauyi.

Masu aikin ba su kawo kuɗi daga waje ba. Sun ɗauki adashen da mata suka riga suka iya, suka gyara masa zama. A adashe, duk abin da aka zuba ranar nan mace ɗaya ce ke kwashewa, sauran su jira layinsu. Wadda ɗanta ya kwanta ciwo yau, alhali kwasarta sai bayan wata huɗu, adashe bai yi mata rana ba. A asusu kuwa kuɗin yana taruwa cikin akwati, mai bukata ta ranta ta mayar, kuma a ƙarshen zango a raba duka. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jarin ƙungiya na matan ne tun daga tamma ta farko. Abin da ƙungiyar agaji ta kawo shi ne horo.

Abin ya karɓu. Zuwa shekarar 2002 an ƙidaya ƙungiyoyi fiye da 5,500 a Nijar, masu ɗauke da mata fiye da 160,000. Daga nan tsarin ya ƙetara zuwa Mali, Zanzibar, Uganda, Mozambik da wasu ƙasashe masu yawa na Afirka, har Asiya. A ƙasashen da ake aiki da Faransanci ana kiransa AVEC. Wasu ƙungiyoyin agaji sun ɗauke shi sun ba shi nasu suna. Amma a Maraɗi aka haife shi, kuma sunansa na yanka da Hausa yake.

Yadda ake kafa ƙungiya

Mata su ne ke zaɓen junansu. Ba maigari ke rubuta sunaye ba, ba kuma ma'aikacin ƙungiyar agaji ba. Dalili a fili yake: wadda za ki ba ajiyar guminki, dole ki san halinta. Yawanci ƙungiya takan ƙunshi mata 15 zuwa 30. In sun wuce haka zama yana tsawo, lissafi yana rikicewa, gara a raba gida biyu.

A zaman farko ana zaɓen shugaba, da magatakarda, da ma'ajiya wadda akwati zai kwana a ɗakinta, da mata biyu masu ƙirga kuɗi. Sannan a zaɓi wasu mata uku daban, kowace ta riƙe mabuɗin kwaɗo ɗaya. Mai akwati ba ta da mabuɗi, masu mabuɗi ba su da akwati. Saboda haka ba a iya buɗe shi sai a gaban taro. Wannan ba rashin yarda ba ne ga ma'ajiya. Kariya ce gare ta: in mijinta ko ɗan uwanta ya matsa mata ta ba shi aro cikin dare, amsarta a shirye take, ba ta da ikon buɗewa.

Bayan zaɓe sai doka. Matan da kansu ke yanke nawa ne zubi, wace rana ake zama, nawa ne tarar wadda ta makara ko ta yi surutu ana ƙirga, wata nawa rance zai yi, da abin da za a yi in wata ta rasu da bashi a kanta. Wannan batu na ƙarshe ba shi da daɗin faɗi, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke tsallake shi, sai ranar da abin ya auku a rasa ta cewa. Ya fi kyau a yanke shi tun kowa yana da lafiya.

Mai horo yakan zauna da sabuwar ƙungiya kowane mako a farko, daga baya ya rage zuwa, har ya sake ta gaba ɗaya kafin shekara ta cika. Hannunsa ba ya taɓa kuɗi. Bayan wasu shekaru an horar da mata da maza na ƙauyukan su zama masu horo, ƙungiyoyi suna ba su ɗan hasafi daga aljihunsu. Ta haka asusu ya kai garuruwan da motar ƙungiyar agaji ba ta taɓa shiga ba.

Lissafin akwati

Mu ɗauki misali. Mata 30 sun yarda kowace ta zuba tamma 100 a mako, wato dala ashirin. A mako ɗaya akwati ya samu tamma 3,000, jika uku ke nan. A mako huɗu ya tara 12,000. In aka yi mako 40 ana zubi ba fashi, an tara 120,000, kowace mace ta zuba 4,000.

A lura da wani abu a nan, domin yana jawo gardama a zama. Da baki muna ƙirga da dala, a takarda kuwa ana rubuta tamma. Abin da muke kira ɗari, a rubuce 500 ne. In magatakarda ta ji an ce ɗari ta rubuta 100, littafi da akwati ba za su taɓa daidaita ba. Dala ɗaya tamma 5 ce. Duk adadin da aka faɗa da dala sai a riɓa shi sau biyar kafin a rubuta.

Da kuɗi ya ɗan taru sai a soma ba da rance. Mai so ta faɗi a gaban kowa nawa take so da abin da za ta yi da shi. In masu nema sun fi kuɗin da ke akwai, taro ya duba wadda ta fi matsuwa, ko a rage wa kowa. Ƙungiyoyi da yawa sun sa ƙarin 10 bisa 100 a wata: wadda ta ranci 5,000 za ta mayar da 5,500. Wannan ƙari, haɗe da kuɗin tara, ba ya fita waje, cikin akwati yake komawa. In ranar rabo aka ƙirga aka samu 150,000 maimakon 120,000, kowace za ta tashi da 5,000 a kan 4,000 da ta zuba.

A shekarun farko kowa zubi ɗaya yake yi, kuma da yake mafi yawan matan ba su yi karatu ba, da ka ake riƙe lissafi. A ƙarshen kowane zama a faɗi abin da ya rage cikin akwati da ƙarfi, a zama na gaba a tambayi taro kafin a buɗe. Daga baya aka shigo da tsarin hannu: mace na iya zuba hannu ɗaya har zuwa biyar gwargwadon ƙarfinta a wannan mako, a buga mata hatimi cikin ɗan littafinta. Rabo a nan yana bukatar lissafi kaɗan. In hannayen ƙungiya duka 1,800 ne, na tamma 100 kowane, kuma aka samu 225,000 cikin akwati, sai a raba 225,000 gida 1,800. Kowane hannu ya zama 125. Mai hannu 80 ta zuba 8,000, za ta karɓi 10,000. Wadda ta iya karanta lamba tana iya bin wannan lissafi da idonta, ba sai an gaya mata ba. Ga ɗaya daga cikin amfanin ajin yaƙi da jahilci da ake gani tun a watan farko.

Ban da babban zubi akwai ƙaramin asusun taimako, inda kowa ke jefa ɗan abin da aka yanke. Ba a ranta shi don sana'a. Na ranar gobara ne, ko rasuwa, ko kai mai naƙuda likita cikin dare.

Zango yakan ɗauki wata 9 zuwa 12. Matan ke zaɓen lokacin rabo: wasu gab da faɗuwar damana don sayen iri da cimaka, wasu kafin salla. Rabon yana da wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba. Ranar ce ake tabbatar da cewa kuɗin da ake faɗa da baki yana nan da gaske. Ƙungiyar da ta yi shekaru ba ta zazzage akwatinta ba tana iya zama da rami a ƙarƙashinta ba ta sani ba.

Maganar ƙarin da ake biya

Tun farko wasu malamai sun ce wannan ƙari kuɗin ruwa ne, addini ya hana. Wasu suka ce tun da kuɗin na matan ne kuma gare su yake komawa, hukuncinsa daban ne. Ba batu ne da za a share ba, domin akwai matan da suka ƙi shiga asusu saboda shi. Wasu ƙungiyoyi sun zaɓi ba da rance ba ƙari. Wasu kuma suna sayen kaya da kuɗin akwati, kamar gyaɗa, sabulu ko hatsi, su sayar wa ƴan ƙungiya bashi da ribar ciniki da aka sani tun farko. Ya dace kowace ƙungiya ta zauna da malamin da ta amince da shi kafin ta kafa dokarta, kowa ya shiga da zuciya ɗaya.

Ko an bar maganar addini, 10 bisa 100 a wata ba ƙaramin abu ba ne. In aka bar shi shekara guda, ƙarin ya wuce uwar kuɗin. Saboda haka rancen akwati ya dace da sana'ar da kuɗi ke juyawa da sauri: matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, ƙosai, fura, dafa zogala, sarin kayan miya ranar kasuwa. Kiwon turka kuwa sai an yi hattara. Wadda ta ranci 20,000 ta sayi rago ta ɗaure shi wata shida, ƙarin kaɗai ya kai 12,000, ban da dussa, harawa da magani. In ba ta sayar da shi sama da jimillar waɗannan ba, wahala ta yi wa akwati. Irin wannan kiwo ya fi kyau a yi shi da kuɗin rabo, wanda ba a bin kowa.

Rancen biki kuma shi ne ya fi kayar da mata. Kuɗin da aka kashe a suna ko a kayan ɗaki ba ya haihuwa, ranar biya kuwa ba ta fashi.

Abin da ya biyo bayan akwati

Matan da suka saba zama tare kowane mako ba su tsaya ga kuɗi ba. Ƙungiyoyin gari ɗaya sun haɗu sun kafa tarayya, suka buɗe bankin cimaka: a sayi hatsi da kaka lokacin da tiya take da araha, a aje, a sayar wa ƴan gari da sauƙi lokacin da rumbu ya ƙare. Amfanin wannan ya fito a shekarar 2005, bayan fari da fara sun lalata damanar 2004, yunwa ta tsananta musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gaskiya ita ce a wannan shekara ƙungiyoyi da dama sun dakatar da zubi, wasu sun raba abin da ke akwai sun sayi abinci. Akwati bai hana yunwa ba. Amma gidan da ke da ɗan abin da zai karɓa yakan jinkirta sayar da akuyarsa ta ƙarshe ko jinginar da gonarsa, kuma wanda bai rabu da waɗannan ba shi ke saurin miƙewa in ruwa ya dawo.

Wasu ƙungiyoyin agaji sun haɗa asusu da habbanaye, al'adar Fulani ta ba da aron dabba. A ba mace akuya, sau da yawa jar akuyar Maraɗi mai yawan haihuwa, ta riƙe har ta haihu, ƴaƴan su zama nata, uwar ta wuce ga wata. Akwai kuma warantaj, inda manoma ke kulle amfanin gona cikin sito mai kwaɗo biyu, ɗaya nasu ɗaya na mai ba da rance, su karɓi kuɗi su yi sana'ar rani, su buɗe sito in farashi ya hau. Ba kowace shekara yake hawa ba, a san da wannan.

Sai maganar baki. Macen da ta shekara tana tsayawa gaban mata talatin tana bayanin lissafi, ba ta jin nauyin magana a taron gari kamar da. A shekarar 2000 Nijar ta kafa dokar ba mata kaso a muƙamai, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 matan asusu da dama sun tsaya takara, wasu suka zama kansiloli. Waɗanda suka zaɓe su sun riga sun ga yadda suke riƙe amana.

Matasa fa?

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Gonar da uba ɗaya ya noma yau ƴaƴa biyar ko shida ke rabawa. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Kwaddibuwa. Tafiya cin rani tsohuwar al'ada ce kuma tana ciyar da gidaje da yawa, amma hanyar hamada tana cin rayuka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance.

Saboda haka aka soma kafa asusun samari da na ƴan mata, wani lokaci haɗe da koyon sana'a: ɗinki, walda, gyaran babur, gyaran salula, noman rani. Dokar ɗaya ce da ta iyayensu mata, sai dai riƙe ta ya fi wuya. Saurayi yana iya zubi wata uku ya tafi, da rance a kansa. Ƙungiyar samari tana bukatar gajeren zango wanda zai ƙare kafin lokacin tafiya, ko kuma doka ta fayyace wanda zai riƙa zubi a madadin matafiyi. Yanzu da ake aika kuɗi ta wayar salula, wannan ya yi sauƙi. Samarin da ke zama fada ɗaya suna shan shayi sun riga sun saba haɗa kuɗin sukari da ganye kullum. Abin da ya rage shi ne akwati da littafi.

Horon sana'a ma yana da nasa tarko. In aka koya wa ƴan mata 40 na gari ɗaya ɗinki, wa zai kawo wa wa ɗinki? Kafin a zaɓi sana'a a zaga kasuwa a ga abin da mutanen gari ke zuwa wani wuri nema.

Inda asusu yake kasawa

Wadda ta fi kowa talauci sau da yawa ba ta cikin ƙungiya. Ba ta da dala ashirin ɗin kowane mako, ko kuma tana jin kunyar ranar da za a kira sunanta hannunta wayam. Irin waɗannan mata sai an fara tallafa musu ta wata hanya, kamar akuyar habbanaye, ko su kafa tasu ƙungiya mai ƙaramin zubi.

Akwai gidajen da mace ke karɓo rance miji ya amshe, ranar biya ita ke jin kunya a gaban taro. Akwai kuma mazan da, ganin matar ta soma samu, suke sakar mata cefane da kuɗin magani da na makaranta gaba ɗaya. Aikinta ya ƙaru, abin hannunta bai ƙaru ba. Shi ya sa masu horo ke neman zama da mazaje, da maigari da liman, tun kafin a sayi akwati. Wata illar kuma ita ce talla: sana'ar uwa ta bunƙasa, sai a fidda ɗiya daga makaranta ta ɗauki faranti. Ƙungiya tana da ikon sa wannan cikin dokarta, ta ce ba a ɗora wa yarinya talla a lokacin aji.

Asusu ba ya ba mace gona. A kudancin Maraɗi, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, mata da yawa sun rasa gamanar da miji ya saba ba su. Wasu sun yi amfani da kuɗin rabo sun yi hayar gona ko sun karɓi jingina, wasu sun nemi gadonsu kamar yadda shari'ar Musulunci ta ba ɗiya mace rabin kason ɗa namiji. Duk wadda ta samu gona ta ɗayan hanyoyin nan, ta nemi takardar shaida daga hukumar kula da filaye ta garinsu ko ta ƙaramar hukuma, da shaidu, kada ta tsaya ga maganar baki.

Haɗari na ƙarshe yana zuwa ne daidai lokacin da ƙungiya ta yi ƙarfi. Gidajen ba da rance sukan zo su ce za su ba ta kuɗi mai yawa ta raba wa mata. Wani lokaci yana da amfani, in sana'ar ta girmi akwati. Amma kuɗin waje ƙarinsa waje yake tafiya, kuma in mace ɗaya ta kasa biya, ajiyar kowa ake kamawa. Haka nan a yi hattara da baƙon da zai zo ya ce a ba shi kuɗin rajista zai kawo tallafi, ko ya ce a ba shi kuɗin akwati ya juya ya ninka. Kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa a kowace takarda, a sa wadda ta iya karatu cikin ƙungiya ta karanta ta da ƙarfi a gaban taro: nawa za a karɓa, nawa za a mayar duka-duka, a wace rana, kuma me za a kama in an makara. In wakilin ya ce yana sauri, a ce masa ya bar takardar ya dawo zaman mako mai zuwa.